Zuba wa farantin sola ruwa: ƙarin wuta ne, ko ɗiban ruwa da kwando?

Shin gaskiya ne idan aka kwara wa farantin sola ruwa da tsakar rana wutarsa tana ƙaruwa? In kuwa gaskiya ne, me ya sa masu haɗa sola suke ta gargaɗi kada a yi?

Tambayar ta fara yawo ne tun da sola ta zama ta kowa a Sudan. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, farantan sola kayan manyan gonaki ne da ƙungiyoyin agaji da tsirarun masu hali. Yaƙi ya zo ya tsinka layukan wuta, man dizal da muke kira jaz ya yi tsada ya kuma yi wuyar gani, sannan a 2025 jirage marasa matuƙa suka riƙa faɗa wa tashoshin lantarki, har da ta Marawi, inda babbar madatsar ƙasar mai megawat 1,250 take. Garuruwa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. Mai cajin waya a Gadarif, da mai lambun albasa a Kasala, da matar da ke sayar da ƙanƙara a Madani, kowa ya ɗaga kai ya dubi rana.

Da mutane suka zauna da sola na shekara ɗaya ko biyu, sai suka lura da wani abu mai ɗaure kai. A watan Mayu, lokacin da rana ke dukan ƙasa kamar ta tsage, a lokacin ne famfon jan ruwa mai aiki da sola ke yin sanyin jiki. A cikin hunturu kuwa, da rana mai taushi, sai ka ji shi yana ruri. Ana cikin wannan mamaki sai ga bidiyoyi a WhatsApp da TikTok: mutum riƙe da tiyo yana fesa wa farantai ruwa, a juya waya a nuna fuskar inbata, wato na'urar da ke juya wutar farantai ta zama wadda kayan gida da famfo ke aiki da ita, lamba tana hawa. Wani ɗan yayata ya turo mini irinsa, ya rubuta a ƙasa, "Kawu, ka gani ko? Wuta kyauta, mu muna zaune." Amsar da na ba shi ta yi gajarta, shi ya sa na zauna na warware zancen a nan.

## Haske faranti ke ci, zafi kuwa cutarsa ne

Tushen ruɗanin shi ne muna haɗa rana da zafi a matsayin abu ɗaya. Wurin mai shanya kuɓewa haka ne. Wurin farantin sola ba haka ba ne. Ƙananan murabba'an nan masu duhu da ke ƙarƙashin gilashi an yi su ne da silikon, kuma aikinsu shi ne su karɓi haske su mayar da shi lantarki. Daga duk hasken da ya sauka a kansu, abin da suke iya mayarwa wuta bai wuce kashi 20 zuwa 22 cikin 100 ba a farantan da ke kasuwa yanzu. Kaɗan yana komawa sama. Sauran, wato mafi yawa, zafi yake zama ya zauna a jikin farantin. Shi ya sa in ka taɓa shi da azahar sai ka janye hannu.

Lantarki yana da ma'auni biyu da suke haɗuwa su ba da ƙarfi. Akwai bolt, wanda za mu kwatanta da ƙarfin turin ruwa a bututu, akwai amfiya, wanda yake kamar yawan ruwan da ke wucewa. In ka ninka su ka samu wat. Idan silikon ya ɗau zafi, amfiya tana ɗan ƙaruwa kaɗan, amma bolt yana faɗuwa sosai. Farantin wat 550 da ke aiki a kan bolt 41 da ɗoriya in yana da sanyi, yana iya saukowa wajen 35 in ya gasu. Ruwa na nan a bututu, turin ne ya ragu.

Ita kuma lambar nan ta 550 da aka rubuta a bayansa, wadda mai shago ke nuna maka da yatsa, an auna ta ne a ɗakin gwaji, a ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, jikin farantin kuma yana digiri 25. A lura, zafin jikin farantin ake nufi, ba na iskar gari ba. Wannan yanayi kusan ba ya samuwa a kan rufin kowa tsakanin Wadi Halfa da Damazin.

## Nawa zafi ke cinyewa a bazararmu?

Kowane faranti yana da lambar da ke faɗin yawan ƙarfin da yake zubarwa a kan kowane digiri ɗaya da ya haura 25. Tana cikin takardar bayanansa, sai dai ba kasafai mai saye ke tambaya ba. Tsofaffin farantan nan masu launin shuɗi suna rasa wajen kashi 0.40 zuwa 0.45 cikin 100 a kowane digiri. Baƙaƙen da suka cika kasuwa a 'yan shekarun nan, wajen 0.35. Sababbin da ake rubuta wa TOPCon, wajen 0.30.

Idan rana ta take sosai, jikin faranti yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 25 zuwa 30. A Hartum, matsakaicin zafin rana a watan Mayu ya haura digiri 41, a Atbara da Dongola kuma ganin 45 ba labari ba ne. Mu ɗauki ranar da iska ke 43. Faranti zai kai wajen 70. Tazarar da ke tsakaninsa da 25 ita ce 45. Ninka 45 da 0.35, ka samu kusan kashi 16 cikin 100. Wato farantin wat 550 ya dawo wajen 460, ba tare da ya lalace ba, ba kuma don mai shago ya cuce ka ba. In tsohon shuɗi ne, asarar ta kai ɗaya cikin biyar. A watan Janairu kuwa, da iska ke wajen 30, asarar ba ta fi kashi 10 ko 11 ba, sama kuma garau.

To, masu bidiyo ba ƙarya suka yi ba. In ka sauko da faranti daga 70 zuwa 50, ka ƙwato kashi 7 cikin 100 na ƙarfinsa, wajen wat 38 a kowane faranti. Masu bincike sun daɗe da tabbatar da haka. A 2004 wani masani mai suna Stefan Krauter ya buga sakamakon gwajin da ya yi a Burazil, inda ya bar siririn ruwa yana malala a fuskar faranti duk yini: zafi ya sauka da digiri 22 a ƙololuwarsa, wutar yini ta ƙaru da kashi 10.3 cikin 100 kafin a cire abin da famfo ya sha. Ya kuma nuna cewa shimfiɗar ruwan tana rage hasken da gilashi ke mayarwa sama. A Alƙahira ma, wani gwaji da aka buga a 2013 ya gano cewa an fi cin riba idan aka jira faranti ya kai digiri 45 sannan a fesa, maimakon a bar ruwa yana zuba ba tsayawa.

Ka riƙe wannan adadi: tsakanin kashi 7 da 10. Shi ne abin da sanyi kaɗai ke iya bayarwa a yawancin lokuta.

## Abin da tiyo ya wanke ba a faɗa ba

Amma a wasu bidiyoyin lamba takan yi tsalle da kashi 20 ko 30. Daga ina ragowar ta fito?

Daga ƙura. Mutumin da ya fesa ruwa abu biyu ya yi a lokaci guda, ya sanyaya kuma ya wanke, sai ya jingina ladan duka ga sanyi. Mu da muke ƙasar habub, wato guguwar ƙura, ai ba sai an yi mana bayanin ƙura ba. Daga Mayu zuwa Yuli, bangon jan ƙasa yakan taso ya rufe Hartum da Umdurman cikin 'yan mintoci, washegari kowane abu ya koma launin tubali. A Zahran ta Saudiyya, masu bincike na Jami'ar Sarki Fahad sun buga a 2013 cewa farantan da aka bari sama da wata shida ba wanki sun rasa fiye da rabin ƙarfinsu, guguwar ƙura guda ɗaya tal kuma tana iya cin kashi 20 cikin 100. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Bambancin da ke tsakanin ribar biyu babba ne. Ribar wanki tana zama kwanaki, har sai ƙura ta sake taruwa, kuma bokiti guda da tsumma mai laushi sun isa farantai da dama. Ribar sanyi kuwa ba ta da zama. Faranti ba shi da kauri, da wuri yake hucewa, da wuri yake sake ɗaukar zafi. In ka rufe famfo, kafin a gama shan shayi ya koma inda yake. Mai son ribar sanyi ya ɗore, dole ruwa ya yi ta zuwa daga hantsi har la'asar. Nan ne lissafi ke shigowa.

## Lita nawa ake zubawa a samu wat nawa?

Wannan lissafi nawa ne, na yi shi da ƙiyasi, amma kowa zai iya bin sawunsa.

Farantin wat 550 yana da faɗin da ya kai murabba'in mita biyu da rabi da ɗan ɗori. Don a riƙe shi digiri 20 ƙasa da inda zai tsaya da kansa, sai ruwa ya riƙa kwashe zafin da ya kai wajen wat 1,500 a kowane lokaci. Dubi wannan da kyau: ana kwashe wat 1,500 na zafi don a samu wat 38 na wuta.

Ruwa yana kwashe zafi ta hanya biyu. Ta farko ita ce ya bushe ya bi iska, yadda gumin randa ke sanyaya abin da ke cikinta, ko yadda na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda muke ce wa mukayyif, take aiki. Wannan hanya tana da ƙarfi ƙwarai: kowace lita da ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na kilowat-awa (wato wat dubu na tsawon awa guda), kuma busasshiyar iskar bazararmu tana taimaka mata. Ko da hakan, faranti guda zai sha fiye da lita biyu a awa. A awa biyar na tsananin rana, lita 11 ke nan, a madadin wutar da ba ta kai ɗaya cikin biyar na kilowat-awa ba. In muka daidaita, sai an ƙone kusan lita 60 kafin a samu kilowat-awa ɗaya. Gangar lita 200 da mai amalanken jaki ke kawowa ƙofar gida za ta ba ka kilowat-awa uku da rabi, shi ma in babu ɗigon da ya zuba ƙasa ko iska ta kwashe, abin da ba ya yiwuwa.

Hanya ta biyu ita ce ruwa ya bi ta kan faranti ya ɗauki zafi ya wuce. Wannan ta fi cin ruwa nesa ba kusa ba. In ruwan ya ɗumama da digiri 10 a hanyarsa, faranti guda yana buƙatar wajen lita 130 a awa. Wasu sukan ce to a tara shi a tanki a riƙa juya shi. Ana iya yi, amma ruwan da ake juyawa yana ƙara zafi a kowane zagaye, kafin azahar ya zama ruwan wanka, sai dai in tankin babba ne ƙwarai ko an binne shi. Ga kuma ɗan famfon da ke juya shi, wanda zai ci wat 20 zuwa 50. Ga mai farantai goma wannan ba komai ba ne a kan wat 380 da ya samu. Ga mai farantai biyu, famfo na iya lashe rabin ribar.

Yanzu ka ajiye wannan gefe ka dubi faranti ɗaya sabo. A ranar Sudan, farantin wat 550 yana ba da wajen kilowat-awa biyu da rabi a yini, bayan an cire asarar zafi da ta waya. Wato kowace rana yana ba ka abin da sai ka ƙone lita 150 za ka samu, kuma yana yi bazara da hunturu, safe da yamma, shekara ashirin da wani abu, ba ya neman kowa ya tsaya masa. Mai farantai goma da ya ƙara ɗaya ya samu kashi 10 cikin 100 na dindindin. Sharaɗi ɗaya ne, a tambayi mai haɗawa ko inbata za ta ɗauki ƙarin bolt ɗin, musamman da sanyin safiyar hunturu da bolt ke hawa.

Kada mu manta kuma inda muke. A Gadarif ruwa tsohuwar matsala ce, tun kakanni ake sayensa. A Bur Sudan, madatsar Arba'at da garin ya dogara da ita ta fashe a watan Agustan 2024. A irin waɗannan wurare, wanda ya ɗora tiyo a kan rufi don wat 38, maƙwabciyarsa kuma tana layin jarka, ni dai ban san sunan da zan ba abin ba.

## Wani lokaci ƙarin wutar ba ta da inda za ta shiga

Ga wani gefe da ko masu haɗa sola ba duka suke faɗa ba. A ce ka sanyaya faranti, bolt ya tashi. Shin na'urarka za ta iya amfana?

Tsakanin faranti da batir akwai ɗan akwatin da ke daidaita caji, wanda a kasuwa ake kira munazzim. Iri biyu ne. Mai tsadar, wanda aka rubuta wa MPPT, yana karɓar rarar bolt ya mayar da ita amfiya, don haka duk abin da sanyi ya ƙara yana shiga batir. Mai arahar, wanda aka rubuta wa PWM, kuma shi ya fi yawa a ƙananan gidaje da shaguna, jawo faranti yake yi ya daidaita shi da bolt ɗin batir, rarar ta tafi a banza. Tunda sanyi bolt yake ƙarawa ba amfiya ba, mai PWM zai iya zuba ganga guda bai ga wani abin kirki ba, sai dai ladan wanki.

Sannan akwai cikar batir. A gidaje da yawa batir yakan cika tun kafin azahar. Da zarar ya cika, na'ura tana rage abin da take ja daga farantai, ko da za su iya ba da ninki. Lokacin da zafi ya fi cin faranti shi ne daidai lokacin da gidan ba ya buƙatar ƙari. Matsalar irin wannan gida da dare take, kuma maganinta batir ne.

## Gishiri da laka da gilashi da ran mutum

Buɗe butar shayin gidanku ka leƙa. Farin ɓawon nan da ke manne a gindinta shi ne abin da ruwa ke bari in ya bushe. Rijiyoyi da yawa a ƙasar nan ruwansu na da zartsi. A ce kowace lita tana ɗauke da giram ɗaya na gishiri da alli, wanda shi ne wajen iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa ke fara rasa daɗin sha. Lita 11 a rana ta bar giram 11. A wata guda, kusan sulusin kilo a fuskar faranti ɗaya. Ƙura tana fita da tsumma, wannan ɓawo kuwa kama gilashi yake yi, mai kankare shi da ƙarfe ko soson waya kuma zai goge siririn shafin da aka yi wa gilashin don ya sha haske. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Masu ɗiba daga kogi ko magudanan Jazira, babban yankin noman ban ruwa da ke kudu da Hartum, tasu matsalar daban ce. Daga Yuli zuwa Satumba, Shuɗin Nil yana gangarowa daga tsaunukan Habasha jajawur da laka. Wannan laka albarka ce a gona, amma a kan faranti takan taru a layin ƙasa inda firam ke tare ruwa. Da yake an jera ƙwayoyin silikon ɗin ne kamar carbi, wuta tana bi ta ɗaya zuwa ɗaya, inuwar da ta rufe layi guda tana dakushe sashe guda na farantin, ƙwayar da aka rufe kuma ta riƙa yin zafi fiye da 'yan uwanta har ta ƙone.

Batun fashewar gilashi kuwa, ina ganin ɓangarorin biyu kowa ya yi ƙari. Gilashin faranti mai tauri ne, kuma kafin a sayar da shi ana gwada samfurinsa ta hanyar kai shi daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85 sau 200. Ruwan sama ma yana sauka a kan farantai masu zafi ba su tarwatse ba. Sai dai a ɗakin gwaji a hankali ake sauya zafin, ba kwatsam ba. Kuma farantan da ke iso mana sun sha jijjiga a bayan manyan motoci daga tashar jirgin ruwa, wasu ma na hannu ne, da ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Kwara musu ruwan randa kullum da azahar yana buɗa tsagun nan sannu a hankali. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su suke cewa a yi wanki da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Masu goyon bayan sanyayawa su ma suna da hujja mai ƙarfi, cewa zafi yana tsofar da roba da gam ɗin da ke riƙe da faranti, don haka wanda ke zaune a 50 zai fi wanda ke zaune a 70 daɗewa. Gaskiya ne, amma ga wanda ake riƙewa a sanyaye ne, ba wanda ake hawa da sauka da shi sau biyar a yini ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wuta da kanta. Farantai goma manya da aka jera a layi ɗaya suna iya ba da kusan bolt 500, kuma babu makunnin da ke kashe su muddin rana na sama. A gonaki nakan ga wayoyin da aka haɗa da salatif, da mahaɗan da rana ta cinye. Ka tura yaro babu takalmi, da tiyo a hannu, ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da firam ɗin ƙarfe. Allah ya kiyaye.

## Inda dabarar take da ma'ana: bakin rijiya

Duk da abin da na faɗa, akwai mutum ɗaya da lissafin ke yi wa murmushi, shi ne manomi mai famfon sola. Shi ruwa ba sayensa yake yi ba, kuma dama hanyarsa ce, daga rijiya zuwa gona. Ba shi da batir da zai cika, duk wat ɗin da ya ƙaru famfo yake tafiya ya ƙara gudu. Inbatar famfo kuma irin mai bin ƙololuwar ƙarfi ce, wato mai aiki irin na MPPT. Famfon da farantai goma ke ja, in rijiyar ba ta fi zurfin mita 30 ba, yana iya fitar da lita dubu ashirin ko fiye a awa. Lita 1,300 da farantan ke buƙata ɗan yanki ne, kuma ba asararsa za a yi ba, kewaye kawai zai yi ya dawo cikin shuka.

Amma akwai sharuɗɗa. Ruwan ya zama mai daɗi, marar zartsi, marar laka. A fara sakinsa tun da hantsi kafin gilashi ya gasu, a bar shi yana malala siriri ta bututu mai ƙananan huji a saman farantai, da indararo a ƙasa da zai mayar da shi gona. Kada a bari ya bushe a kan gilashi. Wayoyi da akwatin bayan faranti su zama a tsare, firam kuma a haɗa shi da ƙasa. Wasu sun fi son sanyayawa ta baya, da jiƙaƙƙen buhun algarara, don gudun ɓawo a fuska. Yana aiki muddin yana jiƙe. Da zarar ya bushe ya zama bargo, faranti ya fi da zafi.

Ko a nan ma ina da ja. A lambunan Kasala da ke shan ruwan ƙarƙashin kogin Gash, manoma sun daɗe suna kukan rijiyoyi na ƙara nisa. Sola ta cire kuɗin jaz da a da yake tilasta wa mutum kashe injin. Ƙara wa famfo kashi 7 cikin 100 a rijiyar da ke ja da baya ba lallai alheri ne ga jikokinmu ba.

## Abin da ake gwadawa a wasu wurare

A ƙetaren Bahar Maliya, a jami'ar KAUST da ke Thuwal arewa da Jidda, ƙungiyar Farfesa Peng Wang ta buga wani bincike a 2020 da ya kewaye matsalar ruwa gaba ɗaya. Sun manna wani abu mai kama da kamu a bayan faranti, mai ɗauke da gishirin da ke tsotsar raɓa daga iska da dare. Da rana sai ya saki ruwan ya bushe, faranti ya huce, kamar gumin jiki. A gwajin da suka yi a waje, wuta ta ƙaru da kashi 13 zuwa 19 cikin 100. Sai dai ƙaramin samfuri ne, kuma Thuwal bakin teku ce mai laima. Irin wannan zai fi dacewa da Bur Sudan da Sawakin fiye da Sinnar a watan Afrilu, da iskar dare ma a bushe take ƙayau.

A jihar Gujarat ta Indiya kuwa, tun 2012 aka shimfiɗa farantan megawat ɗaya a saman wata magudanar ban ruwa. Ruwan da ke gudana a ƙasa yana ɗan sanyaya su, inuwarsu kuma tana rage wa ruwan bushewa, ba a kuma ci filin noma ba. Duk wanda ya san dogayen magudanan Jazira, da madatsar Sinnar ke ciyarwa tun 1925, zai ji wannan ya sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Amma aikin gwamnati ne da zaman lafiya, ba na mai gonar fadan biyar, wato wajen eka biyar, ba.

## Sanyin da ba a biya

Kafin ruwa akwai iska. Farantin da aka kwantar a kan rufin kwano, babu tazara, yana iya fin wanda ke tsaye a fili zafi da digiri 10 ko fiye, saboda ta baya ma yake numfashi. Ɗaga shi da taƙi guda ko fiye, a bar gefuna a buɗe iska ta ratsa, ya dawo maka da kusan rabin abin da tiyo ke alkawari, sau ɗaya tak za ka biya maƙeri. Inbata da batir su ma a ba su inuwa da iska, don inbata tana rage aiki da kanta in ta yi zafi, batir kuma zafi ke kashe shi da wuri. Mai sayen sabon faranti ya nemi takardarsa ya duba lambar zafin nan, bambancin 0.45 da 0.30 a ranar Mayu ya kai kusan kashi 7 cikin 100, daidai da abin da ruwa zai ba shi. Wanki kuma da asuba, da ruwa mai daɗi, a tsane da roba mai laushi, musamman washegarin habub.

Shi kuwa ɗan yayar tawa, da muka yi waya na ce masa, "Ɗana, ban ƙaryata bidiyonka ba. Amma ka yi mini nawa. Ka wanke farantanka da asuba, ka bar su su bushe. Da azahar, famfo yana aiki, ka rubuta lambar da ke fuskar inbata. Ka sa takalmin roba, ka yayyafa ruwan tankin da ya sha rana daga jarkar da ka san awonta, ka sake rubutawa. Sannan ka ajiye jarka, ka ci gaba da ɗaukar fuskar inbatar har minti goma sha biyar, kada ka yanke."

Ya ce, "To, Kawu, in sha Allahu gobe."

Yau mako uku ke nan.